Kwana shida a Alƙahira da ambulan guda tsakanin mutum biyu

Na sauka Alƙahira a watan Janairun 2024, ni kaɗai, da jakar goyo guda da ɗan guzurin da na jima ina tarawa daga albashina na koyarwa. Biza da tikitin jirgi daga Kano sun riga sun cinye kaso mafi tsoka na abin da na tara, saboda haka tun ina cikin jirgi nake ta raba ragowar gida bakwai a bayan wata takarda, kowace rana da nata, ina cire kuɗin masauki, ina duba abin da zai saura na ci da na mota da na shiga wuraren tarihi. Lissafin ya nuna mini cewa kuɗin za su kai ni, amma da sharaɗin kada in yi kuskure ko sau ɗaya, alhali kuwa baƙo makahon gari ne, kuma kuskure shi ne abin da ya fi kusa da shi.

Masaukin da na kama yana tsakiyar birni, unguwar da Misirawa ke kira Wusɗul Balad, kusa da dandalin Ɗal'at Harb, a saman wani tsohon bene mai na'urar hawa irin ta da, wadda ake jan ƙofarta ta ƙarfe da hannu. Ɗakin gadaje shida ne, kowa da nasa gado da ɗan akwatin ajiya mai kwaɗo. Sanyin Alƙahira na wannan wata ya fi hunturun da na saba da shi ratsa jiki, don haka da na tashi da asuba na yi alwala da ruwan famfo, hannuwana har rawa suke yi. Ina fitowa na tarar da wani gajeren mutum a kusurwar baranda, ɗaure da zane, da baƙar hula a kansa, ya tayar da salla. Na tsaya a damansa na bi shi. A raka'a ta biyu, bayan ya ɗago daga ruku'u, sai ya ɗaga hannu ya yi ƙunuti a bayyane, ni kuwa na taso ina yin nawa a ɓoye kafin ruku'u kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka koyar. Tun kafin mu yi sallama na gane cewa Bashafi'e ne.

Bayan salla muka gaisa da Larabcin littafi, wanda shi ne harshen da ya haɗa mu har muka rabu, sai ɗan Turanci da muke cike giɓi da shi. Ya ce shi mutumin tsibirin Jawa ne a ƙasar Indunusiya, yana koyarwa a makarantar kwana ta addini irin waɗanda suke kira pesantren, kuma daga umara yake, ya ratse Masar don ya yi mako guda kafin ya koma gida. Ya ciro ɗan littafinsa ya nuna mini jerin wuraren da yake son gani, ni ma na ciro takardata, sai ga shi fiye da rabin abin da ya rubuta yana cikin nawa. Shi ne ya fara cewa, tunda hanyarmu ɗaya ce, me zai hana mu fita tare yau mu gani.

Na amsa masa, amma ban saki jiki ba, kuma har yanzu ina ganin hakan shi ne daidai. Salla a bayan mutum sau ɗaya ba ta isa a ce an san shi ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tambayi wani da ya zo yabon wani mutum ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu, da ya ce babu ko ɗaya, sai ya gaya masa cewa bai san shi ba. Fasfo ɗina da babban kuɗina suna cikin wata 'yar jaka da nake ɗaurawa a ƙarƙashin riga, ban kuma gaya masa adadinsu ba. Na aika wa yayana saƙo da sunan masaukin da bayanin wanda zan fita da shi, kuma na ƙudura a raina cewa ranar farko ba za mu je ko'ina ba sai wuraren da jama'a ke cike. Daga baya na fahimci shi ma irin matakin da ya ɗauka ke nan a kaina, kuma hakan ya ƙara mini ganin girmansa.

Matsalar farko ta taso ne a wajen karin kumallo. Muka tsaya gaban wani mai amalanken ful, wato dafaffen wake mai faɗi da ake zuba wa mai da lemon tsami, ana ci da gurasarsu da suke kira aish baladi, wadda ba ta da nisa da gurasar Kano. Da muka gama, na riga shi sa hannu a aljihu, domin a tarbiyyar da na samu abin kunya ne mutum biyu su ci abinci tare sannan kowa ya ƙirga nasa. Ya riƙe mini hannu, na ƙi, ya ƙi, har mai wake ya tsaya yana kallonmu. Na biya. Da muka isa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ya yi wuf ya sayi tikiti biyu, da muka tsaya shan ruwan rake kuma muka sake jayayya. Kafin azahar na lura cewa kowannenmu yana kashe fiye da abin da ya tsara, don kawai kada a ce ɗan'uwansa ya fi shi kyauta.

A harabar masallacin Azhar, bayan sallar azahar, ya fito da maganar fili. Ya ce: "Ustaz, ni kuɗina ƙirgaggu ne, kuma ina jin naka ma haka suke. Idan muka ci gaba da wannan, kwana uku za mu yi mu fara gudun juna." Ya ciro wata ambulan da aka ba shi a wajen canjin kuɗi, ya ce kowace safiya kowa ya zuba adadi ɗaya a ciki, daga nan za a biya mota da abinci da ruwa da ɗan abin da ake ba masu tsaron takalma, wanda ya riƙe ambulan yau gobe ɗayan ne zai riƙe, kuma duk abin da aka cire a rubuta a bayanta. Tikitin shiga wuraren tarihi da tsaraba kuwa, kowa da aljihunsa. Na ji nauyin maganar a lokacin, domin ban saba jin an ambaci kuɗi ƙarara haka tsakanin mutanen da suka yi salla tare ba. Amma na ce masa: "Malam, ka yi gaskiya." Da wannan suna na ci gaba da kiransa, bayan na fassara masa ma'anarsa a wajenmu.

Azhar ɗin ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Sarakunan daular Fatimiyya ne suka fara gina shi a shekarar 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a cikinsa a 972, kuma tsawon ƙarnoni ɗaliban da suka zo daga nesa suna zama ne a sassan da ake kira ruwaƙ, kowace nahiya da nata. Na gaya masa akwai ruwaƙin mutanen Barno, shi kuma ya ce akwai na mutanen Jawa, muka zauna a kan farin marmaran tsakar masallacin muna tunanin waɗanda suka riga mu zuwa, nawa sun keto hamada a kan raƙuma, nasa sun keto teku a jirgin ruwa, duka da guzurin da bai kai namu ba.

Daga nan muka bi titin Mu'izz da ƙafa, tun daga Babul Futuh da ke arewa har Bab Zuwaila da ke kudu, ƙofofi biyu na ganuwar birnin da aka gina a 1087 da 1092. Tafiyar ba ta fi kilomita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, amma ta ci mana yammacin ranar gaba ɗaya, saboda kusan kowane taku akwai masallaci ko makaranta ko wurin shayar da ruwa na zamanin Mamalik, wata tsohuwar daular da ta mulki Masar. Ginin Sarki Ƙalawun, wanda aka kammala a 1285, ya haɗa makaranta da hubbare da asibiti a wuri guda. A Bab Zuwaila ne Turkawan Usmaniyya suka rataye Ɗuman Bay, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517. Wasu gine-ginen sai da tikiti ake shiga, amma titin kansa kyauta ne, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya cika idonsa daga waje. Kasuwar Khan Khalili mun ratsa ta ne kawai, muna cewa "la, shukran", wato "a'a, mun gode", ga masu kiranmu, domin mun yi shawarar barin tsaraba sai ranar ƙarshe, lokacin da za mu san abin da ya saura.

Ambulan ta sauƙaƙa mana abubuwa da yawa waɗanda ban yi zato ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda ya fara aiki a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, ana biyan kuɗinsa ne gwargwadon yawan tashoshin da mutum zai wuce, yana da araha ƙwarai, sai dai a kula da taragun tsakiya da aka keɓe wa mata. Da shi muka je tashar Mar Girgis muka ga masallacin Amru ɗan Asi a Fusɗaɗ, inda aka kafa masallaci na farko a Masar bayan buɗe ta a shekarun 641 zuwa 642, ko da yake an sha rushe ginin ana sabunta shi. Inda jirgin bai kai ba, kuma dare ya yi, muna kiran mota ta manhajar waya, kuɗin da zai yi wa mutum ɗaya nauyi sai ya zama rabi. Abincin rana kusan kullum koshari ne: shinkafa da taliya da makaroni da adas, wani ɗan ƙaramin wake, a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai, a ɗiga ruwan tafarnuwa da yaji. Babban kwano ɗaya yana riƙe mutum har dare, kuma babu ciniki a kansa, farashin yana rubuce a bango.

Ranar da muka je dalar Giza ce ta gwada mu. Mun hau layi na biyu daga tashar Sadat zuwa tashar Giza, sannan muka shiga ƙaramar bas ta bi da mu titin Haram. A wajen sayen tikiti na tarar da abin da ban shirya masa ba: ba a karɓar tsabar kuɗi, sai katin banki, ni kuwa katina na naira ba ya aiki a wajen ƙasa a lokacin. Da ni kaɗai ne, da sai dai in tsaya ina roƙon wani baƙo ya taimake ni, ko in faɗa hannun masu yawo a bakin ƙofa suna cewa za su saya wa mutum da ƙari a kai. Malam ya biya da katinsa, na ƙirga masa kuɗin a hannu nan take, ya rubuta a littafinsa cewa an biya. Duk mai niyyar zuwa ya tanadi katin da ke aiki a waje, kuma ya sani cewa tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa, sai dai ɗalibi mai katin shaidar ɗalibta na ƙasa da ƙasa yana biyan rabi.

Shiga cikin babbar dalar kanta tikiti ne daban, kuma ya fi na shiga filin tsada. Malam yana ɗoki, ya ce tun yana yaro yake mafarkin wannan rana, ya juyo ya tambaye ni ko ya sayi biyu. Na ce ya saya. Na faɗi haka ne don kunya, domin na san kuɗin sun kai abin da na ware wa kwana biyu, kuma idan na biya su to gidan tarihin da nake son gani ya fita daga lissafi. Ya riga ya miƙa katin sai ya dubi fuskata ya janye hannunsa. Ya ja ni gefe ya ce: "Ustaz, mun yi alkawari a Azhar. Idan ba ka so, ko ba zai yiwu ba, ka faɗa mini, ba zan ji komai ba. Abin da zai ɓata mini rai shi ne in gane daga baya cewa na jawo maka asara." Na gaya masa gaskiya. Ya sayi ɗaya.

Na zauna a kan wani dutse a gindin dalar kusan sa'a guda ina jiransa, kuma ban yi nadamar wannan sa'a ba. Mutumin da ya taso yana ganin hotunan dalar gyaɗa ta Kano yana zaton ya san siffar abin, amma tsayuwa a gindin wannan dala ta Fir'auna Khufu wani al'amari ne daban. Layin duwatsun ƙasa kaɗai ya kai mini ƙirji. An gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, da duwatsu sama da miliyan 2, tsayinta na asali mita 146, kuma ta shafe fiye da shekara 3,800 babu ginin da ya kai ta tsawo a duniya. Masu raƙuma sun zo mini sau da yawa, wani har ya ɗora mini rawani a ka ya ce kyauta ne, na cire na miƙa masa cikin ladabi, domin na riga na ji cewa kyautar wurin tana da farashi a ƙarshe. Da Malam ya fito, gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin, ya ba ni labarin ƙunƙuntar hanyar da ake bi a sunkuye, da doguwar baranda mai hawa, da ɗakin sarki wanda babu komai a cikinsa sai akwatin dutse marar murfi. Ya ba da labarin da zumuɗi, na saurara da jin daɗi, babu wanda ya ji an tauye shi. Washegari kuma ni na shiga gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, shi ya zauna a gadar Ƙasrun Nil yana kallon kogi.

Rana ta biyar ita ce ta fi zauna mini a rai, kuma ita ce muka kashe kuɗi mafi ƙaranci. Mun fara da masallacin Sulɗan Hasan, wanda aka soma ginawa a 1356, mai makarantu huɗu a kusurwoyinsa, kowace mazhaba da tata. Malam ya nemo ƙofar Shafi'iyya, ni na nemo ta Malikiyya, muka tsaya kowa a tasa muna kallon juna ta tsakar gida ɗaya. Daga nan muka bi titin Saliba da ƙafa zuwa masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta daga waje. Babu kowa a faffaɗar harabar sai mu da tattabaru.

Bayan la'asar muka nufi Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar birnin. A jerina akwai kabarin Imam Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, a jerinsa akwai na Imam Shafi'i, kuma kowannenmu ya ɗauka zai raka ɗan'uwansa ne kawai don kara. Kabarin Suyuɗi yana kusa da dandalin Sayyida A'isha, cikin wani ɗan gini marar ado wanda sai da muka yi tambaya sau uku kafin muka same shi. Na fara yi masa bayani cewa wannan malami ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma tafsirin Jalalaini da ya kammala bayan rasuwar Jalaluddin Mahalli shi ne littafin da malamanmu ke buɗewa a gabansu duk watan azumi, mai jan baƙi yana karanta aya suna fassarawa da Hausa. Ban ƙarasa ba ya dafa kafaɗata, ya ce littafin da yake koyar da ɗalibansa ke nan kowace safiya, kalma bayan kalma, yana fassarawa da harshen Jawa. Ya fara karanto farkon tafsirin suratul Baƙara da ka, na kama masa daga inda ya tsaya. Mai tsaron wurin, wani dattijo da jallabiya mai ruwan toka, ya tashi daga kujerarsa ya matso yana sauraro, da muka gama ya ƙi karɓar abin da muka ciro masa daga ambulan, sai da muka matsa.

Hubbaren Imam Shafi'i yana can kudu, muka shiga ƙaramar bas da 'yan canjin da suka rage. An gina hubbaren a 1211, a zamanin daular Ayyubawa, ƙubbar da ke kansa da katako aka yi ta, kuma a ƙololuwarta akwai ɗan kwalekwalen ƙarfe. A nan ni ne na koma mai rakiya. Malam ya tsaya a gaban kabarin ya daɗe yana addu'a, hawaye na bin kuncinsa, domin kusan duk Musulmin ƙasarsa a kan mazhabar wannan bawan Allah suke, wanda ya rasu a Masar a shekarar 820. Da ya natsu sai ya tuna mini cewa Shafi'i ɗalibin Imam Malik ne, a Madina ya karanta Muwaɗɗa a gabansa, saboda haka, in ji shi, malamin malaminsa nawa ne. Ba don shi ba da ban je wannan wuri ba, domin bai shiga takardata ba tun farko.

A daren ƙarshe muka koma Khan Khalili, kowa ya san abin da ya rage masa. Na sayo wa mahaifiyata carbi da turare, shi ya sayo wa 'ya'yansa mata mayafai, kuma ciniki ya fi sauƙi da mutum biyu, domin idan ɗaya ya fara karaya ɗayan yakan ja hannunsa su yi kamar za su wuce. Da muka dawo masauki ya zazzage ambulan a kan gado, muka bi rubutun bayanta layi bayan layi, nasa da haruffan boko ƙanana, nawa da manya, lissafi ya fita daidai. Abin da ya saura bai fi kuɗin kwanon koshari biyu ba. Na ce a raba, ya ce a ba dattijon da ke gadin ƙofar benen, wanda kullum yake buɗe mana da asuba ba tare da ƙorafi ba, muka sauka tare muka ba shi.

Jirginsa na safe ne, nawa sai dare. Muka yi sallar asuba a kusurwar barandar nan, wannan karon ya ce ni zan ja, na yi ƙunutina a ɓoye kafin ruku'u, ya bi ni. Na raka shi da jakarsa har bakin titi, muka yi musafaha, ya ce in gaishe masa da mahaifiyata da ɗalibaina, na ce ya gaishe da iyalinsa. Ya miƙo mini ambulan ya ce in riƙe, tunda ranar tawa ce.